Kafin Ka Sayi Sabuwar Kwamfuta Don Buɗe Gem Da Yawa a Lokaci Guda

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da haɗa ta, kuma akwai koken da ya yawaita a shagona a 'yan shekarun nan: "Oga, idan na buɗe ɗaya lafiya ƙalau, da na ƙara na biyu da na uku sai ta kama hangin, fanka ta yi ta ihu." Galibi mai koken ya riga ya yanke shawara tun daga gida, ko a yi masa fomatin, ko a nemo masa wata. Abin da na gani a bakin aiki shi ne, yawancin kwamfutocin nan lafiyarsu lau. Wahalar banza ake ba su, suna ta zana hotunan da babu mai kallonsu.

Buɗe kwafi da yawa na gem ɗaya tsohuwar al'ada ce. Masu buga EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya fitar a 2003, sun daɗe suna tuƙa jirage da yawa a tare: wannan na haƙar ma'adinai, wancan na dako, wani na gadi. Haka ma masu World of Warcraft. A wajenmu kuwa abin ya fi zuwa ta manhajojin da ke kwaikwayon wayar Android a cikin kwamfuta, irin su BlueStacks da LDPlayer da MEmu. Duk kwafin da ka buɗe a cikinsu waya ce sukutum, mai neman nata rabon na ram da furosesa.

Fara da awo

Kafin ka taɓa komai, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance. Sai ka riƙa buɗe kwafin ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan ma'auni huɗu: CPU da Memory da Disk da GPU. Wanda ya fara cika shi ne mai laifin. Idan Memory ya haura kashi 90 cikin 100, Disk ma ya cika, kuma kana jira kafin ka koma daga wata taga zuwa wata, ram ne ya ƙare. Idan GPU ne a ƙololuwa, aikin zanen hoto ne ya yi yawa. Idan komai na tafiya daidai da farko, sai bayan minti 15 ko 20 ta fara ja, ka zargi zafi. Idan kuma ma'aunan duk suna ƙasa amma ɗan wasanka yana tsalle yana komawa baya, matsalar ta netwok ce, ko ka sayi sabuwar kwamfuta haka za ka gani.

Rage cin tagogin baya

Nan ne ribar take, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Gem yakan zana hoto 60 a kowane sakan, wasu ma idan ba a sa musu iyaka ba sai su wuce 100. Idan ka buɗe kwafi huɗu, katin hoto yana zana 240 a sakan, alhali idonka a kan taga ɗaya yake. Bar wadda kake bugawa a kan 60, ka mayar da sauran ukun 15 kowacce: jimla 105 ke nan, ƙasa da rabin aikin ɗazu. Jirgin da ke haƙar ma'adinai ko jarumin da ke tsaye yana jiran umarni bai rasa komai ba don an zana shi sau 15 a sakan.

World of Warcraft yana da wannan saitin a cikinsa, sunansa Max Background FPS. Mai katin Nvidia zai samu Background Application Max Frame Rate a cikin Nvidia Control Panel, yana sauka har zuwa 20, kuma yana aiki a kan gem ɗin da ba shi da nasa saitin. A BlueStacks ka nemi Eco mode a wurin da ake buɗe kwafi da yawa. LDPlayer ma yana da wurin rage adadin hotunan ga dukkan kwafin.

Sai girman hoton. Allo mai 1920 a 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2. Mai 1280 a 720 yana da 921,600, bai kai rabi ba. Mai 960 a 540 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne daidai. Tagar da za ka ƙanƙance a gefen allo ba ta da buƙatar cikakken girma. Ka kashe mata inuwa da walƙiyar ruwa da hayaƙi, ka kashe sauti a duk kwafin sai wanda kake saurare. Na sha ganin kwamfutar da mai ita ya fitar da rai da ita ta miƙe garau da waɗannan gyare-gyaren kaɗai.

Lissafin ram da furosesa

Windows kansa yakan riƙe GB 3 zuwa 4. Idan kowane kwafi yana cin GB 2, mai GB 8 ya tsaya a biyu, mai GB 16 zai iya kaiwa huɗu ko biyar, matuƙar bai bar Chrome a buɗe da shafuka barkatai ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ba kowane kwafi ƙwaya huɗu na furosesa da GB 4, alhali furosesan gaba ɗaya ƙwaya huɗu gare shi. Sai su yi ta kokawa a kan abu ɗaya. Ƙwaya biyu da GB 2 sun ishi yawancin gem ɗin waya, marasa nauyi ma ƙwaya ɗaya ta wadatar.

A shafin CPU na Task Manager akwai layin Virtualization. Idan a kashe yake, manhajojin kwaikwayon Android za su yi ta rarrafe. Ana kunna shi a BIOS, sunansa VT-x a Intel, SVM a yawancin na AMD. Laftof na hannu da dama suna zuwa min da shi a kashe.

Idan za ka ƙara ram, sanda biyu masu GB 8 sun fi sanda ɗaya mai GB 16, domin furosesa zai riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Bambancin ya fi fitowa a laftof marasa katin hoto na daban, masu Intel UHD ko Radeon na cikin furosesa, tunda daga ram ɗin suke aron wurin ajiye hoto. Ka tabbatar akwai ramin ƙari kafin ka biya kuɗi, don wasu laftof ɗin a liƙe ram ɗinsu yake. Kuma kada ka bi shawarar masu cewa a kashe page file, wato wurin da Windows ke sauke kaya a disk idan ram ya cika. Kashe shi yana sa gem ya rufe kansa ana tsaka da wasa. Abin yi shi ne ya kasance a kan SSD. Tsohon had disk yana karanta kusan MB 100 a sakan, SSD na SATA kusan 500. Ba zai ƙara yawan hoto ba, amma zai rage jiran lodi da na sauya taga.

Zafi, wuta da data

A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙofofin iska. Furosesa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin kyauta. A buɗe a share fanka, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko kafet. Sannan da an ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, ƙarfinsa yake ragewa. Haka ma idan an haɗa shi da cajar da ba ta kai tasa ba, kamar mai wat 65 a na'urar da ke neman 130.

Wasan kansa ba ya cin data da yawa, jinkiri ne abokin gabansa. Windows Update ko Steam idan suna sauke kaya a ɓoye, duk kwafin za su ji a jikinsu. Ka mayar da layinka Metered connection, ka yi amfani da kebul idan akwai. Idan sabuntawar gem ta fito, sauke ta a kwafi ɗaya ka kwafe shi, maimakon kowanne ya ci tasa datar.

Gargaɗi biyu

Manhajojin da ke alƙawarin ninka gudun kwamfuta da dannawa ɗaya, mafi alherinsu rufe wasu ayyuka kawai suke yi, abin da kai ma za ka iya da hannunka. Waɗanda aka fasa aka raba kyauta kuwa, ta nan ake yawan sace fasuwod da akawun.

Na biyu, ka karanta dokar gem ɗin. CCP ta haramta aika dannawa ɗaya zuwa tagogi da yawa tun 1 ga Janairun 2015, Blizzard mai World of Warcraft ma ta hana manhajojin yin hakan a Nuwamban 2020, duk da cewa dukansu sun bar mutum ya buɗe akawun da yawa yana sarrafa kowanne da hannunsa. Wasu gem ɗin akawun na biyu ma ba su yarda da shi ba. Idan aka rufe maka akawun, babu mai gyaran da zai dawo maka da shi.

Saboda haka ga yadda nake ba da shawarar a jera kashe kuɗi: saitin kyauta da farko, sai share ƙura, sai ram, sai SSD, katin hoto ko sabuwar na'ura a ƙarshe. Mai laftof ɗin ƙwaya biyu da GB 4 kuwa, gaskiya ɗaya ce, ya buga kwafi ɗaya cikin kwanciyar hankali har Allah ya hore masa wadda ta fi ta. Allah ya sa mu dace.