Ciki, Jego da Albashi: Shawarwari ga Gidan da Uwargida Ke Aiki

Ba kasafai ake korar mai juna biyu kai tsaye ba. Ciki na tsufa sai a ce mata, "Je ki huta, in kin sauka lafiya ma neme ki." Ta yi arba'in ta dawo, ta tarar an sa wata a gurbinta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana wannan, amma wadda ke da takarda a hannu ita ke cin moriyar dokar.

1. Ki karɓi takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 ya wajabta wa mai kamfani ya ba ki sharuɗɗan aikinki a rubuce kafin ki cika wata 3. Ki adana ta, kuma kada ki riƙa goge saƙon banki na shigar albashi. Ranar gardama, shi ne shaidarki.

2. Kada kunya ta sa ki yi shiru. Mun san al'ada, musamman a cikin fari, mace kan ɓoye har sai zani ya tona. A gida wannan ado ne, a wurin aiki kuwa asara ce. Sashe na 54 ya ba ki damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa, muddin kin kawo takardar likita mai rajista. Hasashen unguwarzoma bai wadatar ba, don haka ki nemi takardar a asibitin da kike awo. Bayan haihuwa akwai wasu mako 6 da doka ta hana a sa ki aiki, ko da ke kika nema. Kwana 42 ke nan, wankan jego da ɗoriyar kwana biyu. Ki rubuta neman hutun, a sa hannu a kwafinki.

3. Maigida, a yi lissafi tun da wuri. Abin da doka ta tilasta shi ne aƙalla rabin albashi, shi ma sai ga wadda ta yi wata 6 a jere tana aikin kafin hutun. A ganina rabin ya yi kaɗan ƙwarai, domin yana zuwa ne daidai lokacin ragon suna, itacen wanka da kunun kanwa. Kuma dokar ba ta ɗora wa kamfani kuɗin awo ko na haihuwa ba, sai in yarjejeniyar aiki ko inshorar lafiya ta ɗauka.

4. Ba a ba ki takardar sallama kina cikin wannan hutu, ko wadda wa'adinta zai ƙare a cikinsa. In wani ya ce ki rubuta ajiye aiki "don a sauƙaƙa", kada ki sa hannu.

5. Mai shayarwa na da rabin awa, sau biyu a rana, cikin lokacin aiki.

6. Hutun rashin lafiya daban yake. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara tare da biya, idan likita ya tabbatar. Laulayi ya kwantar da ke, ki je asibiti ki karɓo takarda. Aika ƙanwa ta ce "Yaya ba ta jin daɗi" ba ya shiga fayil.

7. Ki san rukuninki. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, takardar yarjejeniyarsu ce madogara, sai su karanta ta da kyau. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya hutunta na haihuwa bai gaza mako 16 da cikakken albashi ba. Jihar Legas a 2014, da Kaduna a 2019, sun kai na ma'aikatansu wata 6. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza kwana 14 idan matansu sun haihu.

8. In an danne miki haƙƙi, fara da ƙungiyar ƙwadagonku ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. In ba a daidaita ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, tana kuma zama a Kano da Kaduna. Kada a jinkirta da sunan haƙuri, don wasu ƙararrakin suna da wa'adi. Ki ga lauya tun takardunki na wuri guda.