Dawowar Jini da Ɓarnar da Ke Biye da Shi: Aikin Maikuro-RNA

A Rigachikun, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, cutar amosanin jini, wato sikila, ba baƙuwa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Idan ciwon ya tashi, jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje sukan toshe ƙananan hanyoyin jini, sai tsoka ta rasa iskar oksijin.

Abin mamaki shi ne, buɗewar hanyar ma tana da tata ɓarnar. Ƙasar da fari ya ƙeƙasar, ruwa mai ƙarfi zaizaye ta yake yi. Haka nan idan oksijin ya kwararo cikin tsokar da ta galabaita, sai a samu wasu sinadarai masu ƙuna da ke lalata bangon ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini kuma su taru su haddasa kumburi. Tun 1960 Robert Jennings ya bayyana wannan a zuciyar karnuka.

To, me ya sa wata ƙwayar ke jurewa, wata ta mutu? Wani ɓangare na amsar yana ga maikuro-RNA, ɗan guntun zare mai haruffan gado kimanin 22. Shi ba ya ƙera furotin. Yakan manne wa saƙon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, ya hana a karanta shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi cikin wata tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024.

A 2010, masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun gano cewa masu sikila da ke da yawan miR-144 sun fi fama da ƙarancin jini, domin yana danne NRF2, furotin ɗin da ke tayar da garkuwar ƙwaya daga sinadaran nan. A 2013 kuma, a Jamus, toshe miR-92a ya rage ɓarnar zuciyar aladu bayan dawowar jini.

Binciken magani ta wannan hanya yana ci gaba. Amma toshewar ce mafarin ɓarna, saboda haka mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya guji sanyi da sauro, a kuma gaggauta kai shi asibiti idan ciwo ya tashi.

Tambaya ga ɗalibai: idan miR-144 ya ragu, me zai faru da NRF2, kuma me ya sa?