Mu Ɗinka Bargo da Ƙyallaye Kafin Hunturu

Jama'ar Hamdara da kewaye, kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun iso gida. Abin da ke gabanmu yanzu shi ne hunturu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska mai ƙura takan kaɗa, dare ya yi sanyi. A ƙasar Damagaram ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 15 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Manya suna iya daurewa, amma jarirai da ƙananan yara suna shan wuya.

Ba kowane magidanci ne yake da kuɗin sayen bargo ga kowane yaro ba. Wasunmu sai sun ɗebi hatsi daga rumbu sun sayar. Alhali kuwa akwai abin da muke zubarwa wanda zai iya rufe ƴaƴanmu, wato ƙyallayen da suka rage a wurin tela, da tsofaffin zannuwanmu. A wannan darasi za mu koyi yadda ake haɗa su a yi bargo da allura da zare kawai.

Me ya sa bargo yake da muhimmanci?

Jikin jariri yana saurin rasa ɗumi, domin ƙarami ne. Idan ya kwana cikin sanyi sai ya raunana, ya kasa shan nono sosai. Don gudun haka, da yawa daga cikinmu mukan shiga ɗaki da kaskon garwashi, mu rufe ƙofa da taga. Wannan yana da haɗari ƙwarai. Garwashi yana fitar da iska mai guba, wadda ba a gani kuma ba a jin warinta, tana iya kashe mai barci. Yaro kuma yana iya faɗawa cikin wuta ya ƙone. Bargo mai kauri ya fi kasko aminci.

Wannan aiki ba baƙonmu ba ne

Kakanninmu sun san ɗinka ƙyalle bisa ƙyalle. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, kuma mulkinsa ya ƙare a 1884, akwai mayaƙa masu lifidi. Lifidi riga ce mai kauri ta doki da mahayinsa. Ana cusa mata auduga, a bi ta da ɗinki, har kibiya ta kasa ratsa ta da sauƙi. Sau da yawa akan yi mata ado da ƙyallaye masu launi iri-iri. Har yau ana ganin lifidi a hawan salla a biranen ƙasar Hausa.

A wajen ƙasarmu ma an san irin wannan ɗinki. A shekarar 1876 an yi wani babban baje koli a birnin Filadelfiya na Amurka. Matan ƙasar suka ga kayan adon Japan waɗanda zanensu bai bi layi ɗaya ba, abin ya burge su. Daga nan suka shiga haɗa ƙyallaye manya da ƙanana ba tare da tsari ba, suna rufe bakin ɗinkin da zare mai launi. Sun ba shi suna mai ma'anar mahaukacin bargo. Amfaninsa gare mu shi ne, ba ya bukatar awo mai wuya. Kowane ƙyalle yana da wurin shiga.

Kayan aiki

1. Ƙyallaye na atamfa ko shadda ko yadin auduga. Mu roƙa ko mu saya da arha wurin telolin garinmu, ko na kasuwar Mirya, ko na Kasuwar Dole a Zinder. Kafin salla ne suka fi yawa.
2. Tsofaffin zannuwa guda uku: ɗaya na shimfiɗar ɗinki, ɗaya na ciki, ɗaya mai ƙwari na shafi.
3. Allura, da zare mai ƙarfi, da almakashi.
4. Zare mai launi, irin na ɗinkin hula, idan da hali.

Kafin mu fara, mu wanke ƙyallayen duka da sabulu, mu shanya su a rana su bushe sarai. Tsohon tufa yana iya ɗauke da kwarkwata ko kuɗin cizo ko cutar ƙazuwa. Wankin kuma zai nuna mana ƙyallen da ke zuba, mu ware shi gefe. Wanda ya ruɓe, yana yagewa in an ja shi, kada mu sa shi.

Yadda ake ɗinkin

Na ɗaya: mu yanka zane na farko gida-gida. Kowane gida ya zama santimita 32 a tsawo, 32 a faɗi. Wanda ba shi da abin awo ya yanka kwali guda, ya riƙa ɗorawa yana yankawa, don gidajen su zo daidai. Bargon yaro yana bukatar gida 12.

Na biyu: mu ɗauki ƙyalle ɗaya mai kyau, mu aza shi a tsakiyar gidan, fuskarsa tana sama.

Na uku: mu ɗauki ƙyalle na biyu mu kifa shi bisa na farko, fuska da fuska, bakinsu ya haɗu. Mu ɗinke bakin har da shimfiɗar da ke ƙasa. Mu bar faɗin santimita 1 daga baki.

Na huɗu: mu buɗe ƙyalle na biyu, mu danne ɗinkin da farce ko da dutsen guga ya kwanta.

Na biyar: mu ci gaba haka muna kewayawa, ƙyalle bayan ƙyalle, har shimfiɗar ta rufe duka. Abin da ya wuce bakin gidan mu datse shi da almakashi.

Na shida: idan gida 12 sun kammala, mu haɗa su, huɗu a tsawo, uku a faɗi. Zai ba mu bargo mai tsawon santimita 120 da faɗin 90.

Na bakwai: mu shimfiɗa zanen shafi a tabarma, fuskarsa tana ƙasa. Mu aza zanen ciki a kansa, an ninka shi biyu. Sannan mu ɗora ƙyallayen da muka haɗa. Mu soka allura ta ratsa su duka, mu ƙulla zaren sau biyu. Mu yi ƙulli a kowane faɗin yatsu huɗu, don kada cikin ya dunƙule wajen wanki.

Na takwas: mu naɗo bakin shafin zuwa sama, mu kalmashe shi, mu ɗinke kewaye.

Mai son ado sai ta bi bakin kowane ƙyalle da zare mai launi. Wannan yana ƙara kyau, yana kuma ƙara ƙarko. Wadda take yin gida ɗaya kowace rana bayan aikin gida za ta gama saman bargon cikin kwana 12. Sannu ba ta hana zuwa.

A ina za mu koya?

Matambayi ba ya ɓata. Malamanmu na farko suna kusa da mu. Tsofaffin mata sun iya yin maho da ɗinkin hannu mai ƙarfi. Maɗinkan hula sun san sarrafa zare mai launi. Tela zai nuna mana yadda ake yanka da kalmasa. Mu je mu zauna kusa da su, mu gani da idonmu.

Koyo cikin ƙungiya ya fi sauƙi. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu a ƙauyukan Nijar da yawa. Inda akwai irin wannan ƙungiya, mata suna iya haɗa kuɗi su sayi almakashi da zare, su yi musayar ƙyallaye ranar zubi. Maza ma kada su ja baya, domin ɗinki tsohuwar sana'ar maza ce a ƙasar Hausa.

Wanda yake da babbar wayar salula zai iya samun bidiyon wannan ɗinki a YouTube, ya tura wa wasu ta WhatsApp. Ko ba mu jin harshen mai magana, hannunsa muke kallo. Mu kuma rubuta awo da matakan aiki a littafinmu, don mu koya wa na baya.

Gargaɗi na lafiya

Kada mu sa maɓalli ko duwatsun ado a bargon ƙaramin yaro, zai iya haɗiye su. Kada bargo ya rufe fuskar jariri, ya tsaya a ƙirjinsa. Mu riƙa shanya bargon a rana, mu wanke shi in ya yi dauɗa. Bargo ba ya maye gurbin sange, wato gidan sauro.

Mu kuma sani cewa bargo kariya ne daga sanyi, ba magani ba ne. Ciwon huhu ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi. Idan yaro yana tari, mu ƙirga numfashinsa na minti ɗaya lokacin da yake kwance lafiya lau ba ya kuka. Ga ɗan wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye alama ce ta haɗari. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono. In mun ga ɗaya daga cikin waɗannan, mu kai shi gidan likita a ranar, kada mu jira gobe.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake wanke ƙyallaye kafin a ɗinka su?
2. Gida nawa ake bukata don bargon yaro?
3. Wane haɗari ke cikin kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki?
4. Su wa za su iya koya mana wannan ɗinki a garinmu?

Aikin wannan mako: kowa ya tara ƙyallaye, ya wanke su, ya ɗinka gida ɗaya, ya nuna wa maƙwabcinsa. Allah ya kai mu bayan hunturu lafiya, mu da iyalanmu.