Binciken Matsala da Tsaron Linux: Darasi Daga Al'amarin xz

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a nuna cewa a tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya soma ginawa a 1991, binciken matsala da tsaro Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

2.0 Al'amarin xz

A watan Maris na 2024, injiniya Andres Freund ya lura cewa SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, tana kuma wahalar da na'ura fiye da ƙima. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa cikin xz, manhajar matse fayil, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Da ta bazu, da mai ƙofar ya sami ikon kutsawa cikin ɗimbin kwamfutoci.

3.0 Matakan Aiki

Don haka, gwani ba ya raina alama. Da farko yakan karanta kundin abubuwan da suka wakana ta umarnin journalctl. Sa'an nan ya duba aikin da ke cin ƙarfin na'ura da top, kana ya ƙididdige ƙofofin da ke buɗe da ss. Wadda ba ta da amfani sai ya rufe ta. A fayil ɗin sshd_config kuwa, yakan hana root, mai cikakken iko, shiga kai tsaye, ya kuma musanya kalmar sirri da mabuɗi.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, duk jinkirin da ba a san dalilinsa ba abin bincike ne, domin mai sake kunna na'ura kafin ya karanta kundi yana iya shafe sawun ɓarawo da hannunsa.