Tawakkali Da Rigakafi

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can.

Dubi Kano. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna saboda jita-jita, har zuwa 2004. Cutar ta bazu, yara suka nakasa. Da malamai da masu unguwanni suka sa hannu, ana bi gida-gida, a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Nijeriya.

To, kai fa? Laya ba za ta tsare ƙanenka ba. In ma'aikata sun yi sallama, fito musu da shi. Yaro amana ne. Allah Ya sa mu dace, amin.