Ajin da Ke da Yarinya Ɗaya Tak

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kullum a kan gaya mana yadda za mu yi da aji mai yara arba'in ko hamsin. An koya mana kiran suna, da shirya darasi, da tsawata wa masu surutu a kujerun baya. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana abin da malami zai yi in ya shiga aji ya tarar da yaro ɗaya tak, sauran kujeru wayam. To, wannan ya taɓa samun wata malama a ƙasar Amurka. Labarinta na ke so mu duba tare, gama a ciki akwai abin nazari game da zaman baƙar fata da farar fata, da abin da abuta ke iya yi, da wanda ba ta iyawa.

Bari in fara da asalin al'amarin. An hana bauta a Amurka cikin shekarar 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokoki na raba mutane bisa ga launin fata: makaranta dabam, wurin zama a jirgin ƙasa dabam, har famfon shan ruwa dabam. A 1896 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce wannan ba laifi ba ne, muddin abin da aka ba wannan daidai ya ke da na wancan. Kowa kuwa ya san ba daidai ba ne. Makarantun baƙar fata su ne masu tsofaffin littattafai da cunkoson yara. Sai ran 17 ga watan Mayu, 1954, kotun nan ta sake magana cikin shari'ar da a ke kira ta Brown, ta ce raba yara a makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa.

A cikin shekarar nan ce aka haifi wata yarinya baƙar fata mai suna Ruby Bridges. Har ta kai shekara shida, birnin New Orleans inda iyayenta su ke zaune, a jihar Louisiana, bai bi hukuncin nan ba. Da wani alƙalin Gwamnatin Tarayya, J. Skelly Wright, ya matsa musu, sai aka yi wa yaran baƙar fata jarrabawa don a zaɓi kaɗan. A ƙarshe 'yan mata huɗu ne suka tafi makarantun Turawa. Uku suka shiga makaranta guda tare, ita kuwa Ruby aka tura ta makarantar William Frantz ita kaɗai. Mahaifinta bai so ba da fari, don yana tsoron abin da zai biyo baya. Mahaifiyarta, Lucille, ita ta nace.

Ran 14 ga watan Nuwamba, 1960, ma'aikatan tsaro huɗu na Gwamnatin Tarayya suka raka ta. A bakin makaranta ga taron mutane suna ihu, suna zagi. Yarinyar ba ta gane kome ba, ta zaci bikin gari a ke yi irin wanda su kan yi kowace shekara. Ranar nan duka a ofishin shugabar makaranta ta wuni, tana kallon Turawa suna zuwa suna kwashe 'ya'yansu. Malamai su ma suka ƙi koya mata, sai mutum ɗaya, wata Baturiya mai suna Barbara Henry, mutuniyar Boston can arewacin ƙasar, wadda ba ta daɗe da zuwa garin ba.

Nan ne wurin da na fi so mu tsaya, domin aikinmu ne. Malamar nan ba ta tsaya a gaban allo ta bar yarinya can cikin kujeru ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, suka yi ta karatu da lissafi gefe da gefe. Ba ta rage darasi ba wai don ɗaliba ɗaya ce. Tun da ba a yarda Ruby ta fita filin wasa ba, sai su motsa jiki a cikin aji. Wata mace daga cikin masu ihu ta riƙa cewa za ta sa wa yarinyar guba, saboda haka aka ce kada ta ci kome sai abin da ta zo da shi daga gida. Tsoro ya kama ta har ta daina ci, ta riƙa ɓoye abincinta a kabad. Da malama ta gane, sai ta fara zama suna ci tare. Shekarar nan duka Ruby ba ta yi fashin makaranta ko rana ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da malamar ta yi wanda ya fi murmushi wuya. Waɗansu iyaye Turawa 'yan kaɗan ba su janye 'ya'yansu ba, amma aka ajiye yaran a wani ɗaki dabam don kada su haɗu da Ruby. Malama Henry ta yi ta kai ƙara wurin shugabar makaranta, har aka yarda yaran su riƙa zuwa ajinta na ɗan lokaci. A nan ne wani yaro ya gaya wa Ruby uwarsa ta hana shi wasa da ita saboda launinta. Ta ce sai ranar ta gane dalilin dukan ihun nan da ta ke ji kowace safiya.

Mutane da yawa in sun kawo nan sai su ce, ai ka gani, zuciya mai kyau ita ce maganin kome. Ni ban yarda da wannan duka ba. Da ba don hukuncin kotu ba, da ma'aikatan nan huɗu, da malama da ɗaliba ba su ko ga juna ba. Kuma mu duba wanda ya fi ɗaukar nauyin abin. An kori mahaifin Ruby daga aikinsa a gidan mai. Mai kantin da su ke sayayya ya ce kada su ƙara zuwa. Kakanninta da ke noma gonar wani a jihar Mississippi, aka tashe su daga gonar. Maƙwabta ne suka taimaka, wani ya ba uban aiki, waɗansu suka riƙa tsaron gidan. Ita malama, ko da ya ke ta sha ƙiyayyar abokan aikinta, da shekara ta ƙare ta koma Boston. Iyalin Ruby ba su da inda za su koma. Ban faɗi wannan don in rage darajar malamar ba, ina! Amma in mutum biyu suna abuta, ɗaya yana da hanyar fita ɗaya ba shi da ita, ya kamata mai hanyar ya san haka.

Yaya zaman ya ke a zamaninmu? An sami canji mai yawa. An yi dokar 'yancin jama'a a 1964. A 2008 aka zaɓi Barack Obama shugaban ƙasa, a 2011 kuwa ya karɓi Ruby a fadarsa, inda aka rataye zanen da Norman Rockwell ya yi na tafiyarta makaranta. Amma bayan an haɗa makarantu, Turawa da yawa suka ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, ko suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, har makarantar William Frantz ta zama kusan ta baƙar fata zalla. Ga kuma zancen dukiya. Binciken da babban bankin ƙasar ya yi a 2022 ya nuna iyalin farar fata mai matsakaicin hali yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa dala 44,900. Watau ya ninka shi fiye da sau shida. Gida da gado su ne tushen wannan, su kuwa ba a rana ɗaya a ke tara su ba. Wanda aka hana kakansa sayen gida a unguwa mai kyau, me zai gada?

A nan ƙasarmu launinmu ɗaya, amma kada mu yi saurin wanke hannu. Sa'ad da na je gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, na tarar da wani yaro baƙo wanda ba ya jin harshen garin. Yana zaune shi kaɗai a kujerar ƙarshe, in an tashi tara ba mai kiransa wasa. Ban zage shi ba, ban buge shi ba, na kan yi masa murmushi ma. Amma na yi mako uku ban matsar da kujerarsa ba, don ina tsoron malamin ajin ya ce ɗan koyo ya cika shisshigi. Da na karanta labarin Malama Henry, kunya ta kama ni ƙwarai.

Ruby da malamarta ba su sake ganin juna ba sai a 1996, bayan shekara talatin da biyar, a wani shirin talabijin na Oprah Winfrey. Daga nan suka ci gaba da zumunci, har su kan yi jawabi tare a makarantu. Ruby ta ba da labari cewa da ta shiga aji biyu, bayan malamar ta tafi, sai aka lura maganarta ba irin ta mutanen New Orleans ba ce. Saboda zaman shekara guda su biyu a ɗaki ɗaya, ashe ta ɗauki karin harshen mutanen Boston.