Masana'antar mota daga wuta da ruwa take farawa

Aikina shi ne tsara wa wuraren sana'a wutar lantarki, daga garejin makanikai zuwa injin casar shinkafa, kuma a unguwar Turaki nake zaune a nan Jalingo. Duk lokacin da aka taso da hirar yaushe za mu samu masana'antar haɗa motoci a Taraba, sai in ji ana lissafin fili da gini da yawan ma'aikata. Masu gina irin waɗannan masana'antu a yau, kafin a haƙa harsashi sun gama lissafin inda wuta za ta fito, inda ruwan da aka yi aiki da shi zai koma, da yadda kowane inji zai riƙa ba da rahoton kansa.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, Steyr kuma ta yi manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Amma a wancan zamanin ba a cika damuwa da kuɗin makamashi ba. Yanzu shi ne ke iya durƙusar da kamfani.

A Afirka ma akwai abin koyi. Masana'antar Renault da aka buɗe a Tanja ta Maroko a 2012, tun a zane aka tsara ta yadda ba za ta zubar da gurɓataccen ruwa waje ba, sai dai a tace shi a sake aiki da shi. Zafin da ɓangaren fenti ke buƙata, wanda shi ya fi kowane ɓangare shan makamashi, daga ƙona ƙwallon zaitun da ɓaraguzan itace ake samunsa. Wannan ya daɗe yana tsaya mini a rai, domin mu nan ɓuntun shinkafar Gassol da Lau tuli-tuli yake a bayan injina, wani lokaci ma wuta ake cinna masa don a samu wuri.

A Jamus kuwa, Mercedes ta buɗe Factory 56 a Sindelfingen a 2020. Farantan sola na rufinta suna ba da kusan kashi 30 cikin 100 na wutar da take sha, ƙananan motoci marasa direba ne ke kai kaya wurin ma'aikaci, kuma kwamfuta na bin sawun aikin da aka yi wa kowace mota. Idan inji ya fara ɗaukar zafi fiye da kima, tun kafin ya tsaya an sani.

To, ina ruwan mai gareji a Jalingo da wannan? Ruwansa kuwa har da tsaki. Abin da na fi cin karo da shi a wurin masu fenti shi ne kwamfireso da ke tashi yana mutuwa alhali babu mai feshi. Ka kashe janareta, ka kasa kunne, za ka ji iska na tsiyaya ta mahaɗar tiyo da aka ɗaure da roba. Man dizal ɗinka ne ke fita ta nan. Ɗan ruwan sabulu a kan mahaɗar zai nuna maka wurin da kumfa. Ƙaramar mita a kan kowane babban inji, da littafin da yaron shago zai riƙa rubuta lambar safe da yamma, su ne matakin farko na abin da waɗancan kamfanoni ke yi da kwamfuta. Sai baƙin mai: wanda aka juye a kwata, ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa kogin Lamurde, inda mutane ke wanki da noman rani. A tara shi a durom.

Taraba na da madatsar Kashimbila mai megawat 40, ga rana, ga ɓuntu. Abin da nake roƙon masu gareji da iyayen yara shi ne, duk yaron da aka kawo koyon aiki, a koya masa karanta mita da na'urar gano matsalar mota tare da riƙe sifana, domin motocin da ke fitowa daga waɗancan masana'antu su ne za su shigo garejinsa nan da 'yan shekaru.